Darasi na Tara: Kula da Rumbun Ajiyar Kwamfuta a Gida, Misali daga Jibiya

9.1 Gabatarwa

Ɗalibin sashen Hausa da ya kai shekarar ƙarshe a kwaleji yakan tara abubuwa da dama a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa: babobin kundin bincikensa, da muryoyin dattawan da ya yi hira da su, da tsarin darussan da ya shirya lokacin gwajin koyarwa. Dukkansu suna zaune ne a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, wanda masu gyara ke kira had-dis. A wannan darasi za a kira shi rumbun ajiya. Idan gilashin kwamfuta ya fashe ko madannai suka lalace, kuɗi ne maganin abin. Amma idan rumbu ya mutu da waƙar daka da aka naɗo daga bakin tsohuwar da ta riga mu gidan gaskiya, babu kasuwar da za a sayo ta.

An ɗauki Jibiya a matsayin misali domin kusan duk abin da ke cutar da rumbu ya haɗu a can. Gari ne na kan iyaka a Jihar Katsina, a kan hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Magama da Ɗan Isa ta nufi Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, ga kuma tsofaffin kaya da ke kai-komo tsakanin ƙasashen biyu. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana yadda rumbun ke aiki, ya gane alamomin ciwonsa, ya kuma tsara wa kansa hanyar tsare aikinsa.

9.2 Yadda rumbun yake aiki

A cikin rumbun akwai faya-fayai masu santsi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. A samansu akwai wani siririn hannu mai ɗauke da ɗan kai, shi ne ke rubutawa da karantawa. Wannan kai ba ya taɓa faifan, iskar juyawar ce ke riƙe da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a Amurka a 1956, da faya-fayai 50, kuma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan biyar ba. A yau rumbun laftof yana ɗaukar gigabayit 500 ko 1,000, sai dai tsarin aikin bai sauya ba.

Daga nan ake fahimtar dokar farko: ba a jijjiga kwamfuta tana kunne. Wanda ya rufe murfin laftof ya jefa ta cikin jaka nan take, ya hau babur daga Jibiya zuwa Magama, mai yiwuwa faifan bai gama tsayawa ba. Bugu ɗaya ya isa ya sa kan ya karci faifan, kuma wurin da ya karta ba ya gyaruwa. A kashe ta gaba ɗaya, a jira fitilunta su mutu, sannan a ɗauka.

Akwai sabon nau'i da ake kira SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure jijjiga, don haka ya fi dacewa da malamin da ke yawo da kwamfutarsa. Aibinsa shi ne yakan mutu farat ɗaya ba tare da ya yi ƙarar gargaɗi ba.

9.3 Zafi da ƙura da wutar lantarki

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a arewacin Katsina yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi haka. Mafi yawan kamfanoni sun ƙayyade cewa kada zafin rumbu ya wuce digiri 55 zuwa 60 yayin aiki. Ke nan tazarar da ta rage wa kwamfutar Jibiya kaɗan ce tun kafin a kunna ta. Ɗora laftof a kan katifa ko darduma yana toshe ƙofofin iskar da ke ƙarƙashinta, gara a ɗora ta a kan tebur ko allon katako, a kuma bar aiki mai nauyi sai da safe ko da dare.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙura shiga cikin rumbun take yi. Ba haka ba ne, domin a rufe yake, ƙaramar kafar numfashinsa ma akwai matata a bakinta. Ɓarnar ƙura ta bayan fage ce: takan daskare a fankar kwamfuta da hanyoyin iska, fanka ta kasa aikinta, zafi ya taru. Saboda haka a riƙa lulluɓe kwamfuta da ƙyalle bayan ta huce, a kuma kai ta a hure mata ƙura bayan kowane hunturu. Shi kuwa rumbun kansa, kada a yarda kowa ya kwance murfinsa a shagon bakin titi. Ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar da ke tsakanin kai da faifai girma.

Ɗaukewar wuta ba zato ta fi shafar kwamfutar tebur, wadda ba ta da batir. Rumbunan zamani sukan janye kansu da kansu idan wuta ta yanke, don haka ba kasafai faifan ke karcewa ba. Abin da ke lalacewa shi ne rubutun da aka bari rabi, wani lokaci har da jadawalin da kwamfuta ke bi ta gano inda kowane fayil yake. Haɗarin da ya fi wannan shi ne dawowar wuta da ƙarfi, ko hawa da saukar wutar ƙaramin janareta, domin suna iya ƙona allon lantarkin rumbun. Maganin na farko na'urar UPS ce, wadda ke ba da 'yan mintocin adana aiki da kashewa cikin tsari. Na biyu kuma sitabilaiza. Idan hadari ya taso da tsawa, a zare soket daga bango.

9.4 Kwamfutar da ta tsallako iyaka

Da wuya ɗalibi ko ƙaramin malami ya sayi sabuwar kwamfuta fil. Akasari ta hannu ce, wadda ta yi shekaru tana aiki a wani ofis a Turai kafin ta iso. Jikinta na iya ƙyalli alhali rumbun ya tsufa. Kowane rumbu yana riƙe da tarihin lafiyarsa ta wani tsari da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin su CrystalDiskInfo tana karanto shi cikin daƙiƙoƙi. Takan nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai abin lura, ja idan ya tashi aiki. Takan kuma faɗi sa'o'in da ya yi a kunne. Shekara ɗaya sa'o'i 8,760 ce, don haka rumbun da ya nuna 26,000 ya yi kusan shekara uku cur yana juyawa. Mai saye ya nemi a gwada a gabansa kafin ya biya. Kada kuma ya zargi mai sayarwa idan ya ga rumbun gigabayit 500 ya nuna 465. Bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows, ba ha'inci ba.

Wata matsalar ta keɓanta ga mazauna iyaka. Kwamfutar da aka sayo daga Maraɗi sau da yawa da Faransanci take magana, jerin madannanta ma daban ne. Idan aka jona mata rumbun waje ko filas da ya ɗan samu matsala, sai ta fito da saƙo tana neman izinin yi masa fomat, wato share shi baki ɗaya. Wanda bai iya harshen ba yakan danna abin da ya fara gani don saƙon ya kauce. Ya kamata ya riƙe kalmomi biyu: Formater na nufin sharewa, Annuler na nufin fasawa. Ta biyun ake dannawa, sannan a nemi wanda ya sani.

9.5 Tsara abin da ke ciki

Yana da kyau a raba rumbu gida biyu: C don Windows da manhajoji, D don ayyukan mai ita. Amfanin haka yana bayyana ranar da aka kai kwamfuta gyara, domin masu gyara da yawa fomat ne maganinsu na farko, kuma duk abin da aka zuba a fuskar kwamfuta a ɓangaren C yake. Sai dai a lura, C da D ɗaki biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Idan rumbun ya mutu, tare za su tafi.

Kada a cika rumbu maƙil. A bar aƙalla kashi 15 cikin ɗari. Finafinai da muryoyi ne suka fi cin wuri. Hirar sa'a ɗaya a tsarin WAV takan ci kimanin megabayit 600, a tsarin MP3 kuwa kimanin 60. Disk Cleanup na share tarkacen wucin gadi. Haɗa gutsattsarin fayiloli da ake wahalar yi da hannu a zamanin Windows XP, sababbin Windows da kansu suke yi duk mako, SSD kuma ba ya buƙatarsa.

Akwai abin da ya shafi malamin Hausa musamman. Kundaye da yawa an buga su da tsofaffin zubin haruffa irin su Rabi'at, waɗanda aka ƙirƙira don samar da ɓ da ɗ da ƙ kafin tsarin Unicode ya yaɗu. Idan aka sake loda Windows ba tare da an mayar da zubin ba, sai haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe zuwa wasu alamomi, har mutum ya zaci kundin ne ya lalace. A ajiye kwafin zubin a folda ɗaya da kundin, sabon aiki kuma a yi shi da Unicode.

Filas da ke zagaya shagunan buga takardu shi ne babbar ƙofar bairos, musamman irin wanda ke ɓoye foldodi ya bar inuwarsu. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, don haka ba fomat ne magani ba. Tsofaffin Windows sun fi rauni a nan: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025.

9.6 Alamomin ciwo da kwafi na biyu

Rumbu mai faifai yakan yi gargaɗi: ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa, ko daskarewa yayin buɗe fayil, ko fayilolin da suka ƙi buɗuwa. Da zarar an ga haka, a fara kwashe muhimman abubuwa kafin a gwada kowane gyara, domin binciken chkdsk da makamantansa ƙarin wahala ne ga rumbun da ke gargara. Haka kuma idan an goge abu bisa kuskure, a daina ajiye komai a wurin. Gogewa suna kawai take cirewa daga jadawali, kuma manhaja irin Recuva tana iya dawo da fayil muddin ba a rubuta wani a kansa ba.

Duk wannan kulawa tsawaita kwana take yi, ba ta hana mutuwa. Manomi ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci wuri guda. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma nesa da gida. Sharaɗin ƙarshen ne aka fi sakaci da shi. A tsakiyar watan Yuli na 2018 ruwan sama na dare ya jawo ambaliya a Jibiya, aka rasa rayuka fiye da arba'in da ɗaruruwan gidaje. A irin wannan dare, rumbun waje da ke aljihun tebur ɗaya da kwamfuta ba kwafi na biyu ba ne. Ana iya barin ɗaya a hannun ɗan'uwa a Katsina, ko a ɗora kundi a intanet. Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, wanda ya ishi rubutu da muryoyin MP3 masu yawa. A ware rana guda a mako don kwafi, a kuma riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana karantuwa.

9.7 Auna fahimta

1. Bayyana dalilin da ya sa jijjiga ta fi cutar da rumbu mai faifai fiye da SSD.

2. Wani malami ya raba rumbunsa C da D, ya ce ya gama tsare kundinsa. Tattauna.

3. Ɗalibi zai tafi gwajin koyarwa a wata makaranta a Magama na tsawon zango ɗaya, da laftof ta hannu da filas guda. Tsara masa jadawalin kwafi na mako-mako, tare da faɗin inda kowane kwafi zai zauna.