DARASIN MANOMA: ME YA SA DAMANA TA CANJA HALI?

 

Duk garin da na sauka wajen rangadi, tambaya guda ce dattawa suke yi mini: "Malamin gona, ina damanar da muka sani?" A da, in watan bakwai na manoma ya kama, mutum ya san lokacin ɗaukar sungumi ya yi. Yanzu sai a yi ruwan shibka, hatsi ya fito, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar ko ashirin. In kuma ruwan ya dawo, sai ya zo da ƙarfi ya kwashe gona, ya rushe ɗaki. Darasinmu na yau a kan wannan ne. Ku karanta shi a fada, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. ABIN DA IDONMU YA GANI

Daga 1950 zuwa wajen 1967 ƙasarmu ta sami ruwa mai yawa. Daga nan fari ya shigo. Waɗanda suka manyanta ba su manta da 1973 da 1984 ba, shekarun da dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu ƙwarai a cikin shekarun fari.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara komowa, amma da wani hali dabam. Masana da suka bi hotunan tauraron ɗan adam sun gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya cika a Yamai har ya fasa madatsai, ya ci unguwanni da gonakin shinkafa. A damanar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Jihar Maraɗi ta sha wuya ƙwarai, kuma a Damagaram tsohon masallacin Birni ya faɗi.

Ga kuma zafi. A watan Afrilu na 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, zafi ya kai digiri 48.5. Shekarar 2024 ɗin ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa a duniya.

Abin da za mu riƙe a nan: ruwa yana nan, amma yana zuwa da yawa a lokaci guda, yana barin tazara tsakaninsa, kuma zafin rana yana shanye shi da sauri.

2. MENE NE DALILI?

Allah ya lulluɓe duniya da iska. A cikin iskar nan akwai wata wadda ake kira gaz karbonik. Ba a ganinta, ba ta da wari. Aikinta kamar na bargo ne: hasken rana yana ratsa ta ya gasa ƙasa, amma in zafin zai koma sama sai ta tare wani kashi. Ba domin ita da irinta ba, da sanyi ya hana mu zama a duniya. Amma kowa ya san bargo ɗaya a lokacin ɗari daɗi ne, bargo biyu a bazara azaba ne.

Tun wajen shekara 200 da suka wuce, ƙasashe masu masana'antu suka shiga haƙo gawayin ƙasa, daga baya man fetur da gaz, suna ƙonawa domin injuna, motoci, jirage da wutar lantarki. Duk abin da aka ƙona, hayaƙinsa yana ƙara wa bargon kauri. Kafin zamanin injuna, in an auna iska tiya miliyan ɗaya, za a sami gaz karbonik tiya 280 a ciki. Yau ya wuce tiya 420. Sare dazuzzuka ma yana ƙarawa, domin itace yana shan wannan iska yana ajiye ta cikin jikinsa, in an ƙona shi sai ta koma sama. Akwai kuma wata iska mai suna metan, wadda take fitowa daga rijiyoyin mai da gaz, da cikin shanu, da fadamun shinkafa.

Saboda haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a kan na zamanin kakanninmu. Kada ku raina digiri ɗaya. Jikin mutum digiri 37 ne, in ya kai 38 da rabi sai a ce masassara ta kama shi.

3. YAYA ZAFI YAKE ƁATA DAMANA?

Ruwan da muke samu daga teku yake tasowa, iskar damana ce take kawo mana shi daga kudu maso yamma. In zafin ruwan teku ya canja, tafiyar iskar ma sai ta canja. A lokacin fari an ɗora wa manomi da akuya laifi duka. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa canjin zafin tekuna shi ne babban sanadin farin 1973 da na 1984. Sare itace da yawan kiwo sun ƙara wa ciwon zafi, amma ba su kaɗai suka kawo shi ba.

Abu na biyu: iska mai zafi ta fi ɗaukar laima. Kowane digiri ɗaya da aka ƙara, iska takan iya riƙe ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100. Ke nan hadari yakan yi nauyi, in ya tashi saukewa sai ya sauke gaba ɗaya.

Abu na uku: zafi yana gaggauta hatsi. Yakan yi bununi ya nuna kafin ƙwaya ta cika. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar duniya ta rage amfanin hatsi a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, na dawa kuma da kashi 5 zuwa 15. Wato mai samun dami 100, zafi ya ɗauke masa 10 ko 20 ba tare da ya ga ɓarawo ba.

4. ME YA SA ABIN YA FI CIN MU?

Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na gaz karbonik da duniya take fitarwa. Ƙasar Sin ce ta fi kowa fitarwa a shekarun nan, in kuma an haɗa lissafi tun daga farko, Amurka ce a gaba. Amma mu ne a bakin hamada. Wajen mutum 8 cikin 10 na ƴan Nijar da noma da kiwo suke ci, kuma noman namu na wata uku ne ko huɗu. A 1960 ba mu kai miliyan 4 ba, yau mun wuce miliyan 25. Gona ba ta hutawa kamar da, taki bai isa ba. In damana ta ɓaci, maigida sai ya sayar da tunkiya, samari su tafi cin rani, mata da yara su ne suke saura da rumbu wayam.

5. ME DUNIYA TAKE YI?

A 2015, a birnin Paris, ƙasashen duniya kusan duka, har da Nijar, suka amince a tsayar da ƙaruwar zafi ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙari kada ya wuce 1.5. Hanyar ita ce rage ƙona gawayi da mai, a koma ga wutar rana da ta iska. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara domin taimakon ƙasashe matalauta daga 2020, amma kuɗin bai cika a kan lokaci ba. A 2022, a Masar, aka amince a kafa asusun biyan hasarar da canjin yanayi yake jawowa. Tarayyar Afirka kuma tun 2007 ta ɗauki shirin Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti.

Wannan duka aikin hukumomi ne, kuma haƙƙinmu ne a cika alkawari. Amma ko yau aka daina hayaƙi, wanda ya riga ya hau sama zai daɗe. Saboda haka dole mu gyara aikinmu na gona.

6. AIKIN DA YAKE HANNUNMU: MU KAMA RUWA A GONA

Ga lissafi mai sauƙi. Ruwan sama milimita 1, lita 1 ce a kan kowane murabba'in mita. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In an yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, hektarka ta sami lita 500,000, wato ganga mai cin lita 200 har 2,500. A kan fako, rabin wannan ruwa ko fiye yakan gudu zuwa kori, ya tafi da ƙasa mai kyau. Ga hanyoyi huɗu na tsare shi.

Na farko, sassaben zamani. Lokacin sassabe kada ka tumɓuke kututture, kada ka sa masa wuta. A kowane kututturen sabara, kalgo, gawo, aduwa ko magarya, ka zaɓi tsiro 3 zuwa 5 mafi ƙarfi, ka sare sauran, ka rage ƙananan rassa har rabin tsawon tsiron da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama. Saiwar tana nan da rai tun da daɗewa, shi ya sa ya fi dashe saurin girma. A jihar Maraɗi aka fara yaɗa wannan aiki a 1983, kuma a Maraɗin aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayu na 1984. Bayan shekara ashirin da wani abu, an ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo ya fi duka: yana kaɗe ganye da damana, ba ya tsare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa abincin dabbobi. Mutanen Matamai da Magariya shaida ne. A 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya a gonarsa. Ku nemi bayaninta wurin ma'aikatan gandun daji.

Na biyu, tassa. A kan fako, tun da rani, ka haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kamar taki ɗaya tsakaninsu. Ƙasar da ka fitar ka tara ta ta wajen gangare. Ka zuba taki ruɓaɓɓe cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta huda ƙasa, ruwa ya shige. Manoman Illela a jihar Tawa sun je Yatenga a Burkina Faso a 1989, suka ga yadda ake yi, suka dawo suka raya fakon da aka daɗe da yasarwa. Aikin yana da wuya, saboda haka a yi shi da gayya, kaɗan kaɗan kowace shekara.

Na uku, rabin wata da jeren duwatsu. Rabin wata rami ne mai faɗin mita 4, bakinsa yana duban inda ruwa yake gangarowa, ana jera su a sassaɓe, wajen 300 a hekta. Inda akwai dutse, a jera shi a gicciye da gangare. Aikin Keita, wanda aka fara a 1984, ya nuna amfanin irin wannan a ƙasar Adar. Inda iska take binne shibka da rairayi, a bar kara a gona, a dasa layin itace kamar na kwarin Majiya da aka fara a 1975.

Na huɗu, iri da lokacin shibka. Kada ka zuba irinka duka a ruwan farko. Ka jira ruwa ya kai milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku, ka tona ka ga laima ta kai zurfin tafin hannu ko fiye. Ka ajiye irin maimai. Ka raba gonarka: wani gefe irin gida, wani gefe iri mai saurin nuna kamar HKP, ko Chakti wanda aka fitar a 2018. Ka haɗa da wake. In kana da takin zamani kaɗan, ka sa abin da yatsa uku suka ɗauka a kowane rami, in ƙasa tana da laima. Kowace shekara kafin damana, cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatan meteyo suna ba da hasashen damana, ku saurare shi a rediyo. Hasashe ne, sani na Allah ne, amma rigakafi ya fi magani.

Gargaɗi: kada a gina ɗaki ko rumbu a kan hanyar ruwa, ko da an shekara ashirin gulbi bai biyo ta nan ba.

7. TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

a) A garinku, sau nawa kuka yi shibka bara kafin ta kama?
b) Itace nawa ne a gonarka? Nawa ne a zamanin mahaifinka?
c) Ina ruwan gonarku yake tafiya in an yi babban hadari?
d) Wace doka gari zai kafa, da manoma da makiyaya da mata masu neman itacen girki, domin kada a sare tsiron da wani ya raya?

Ku zauna da maigari ku tattauna, shugaban masu sauraro ya rubuto mana amsoshinku. Wanda yake son a gwada masa tassa ko sassaben zamani, ya nemi malamin gona na yankinsa tun kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya. Sai darasi na gaba. Ku huta lafiya.