Labarin Kifin Tuna Mai Rawayan Fiffike

Kai mai karatu, watakila ka taɓa ganin kifin gwangwani a kanti, ko ma ka ci shi. Wani daga cikinsa naman tuna ne. To, ga labarin wani irin tuna wanda a ke kira mai rawayan fiffike.

Wannan kifi ba ya shiga kogi ko tabki. Mazauninsa teku ne, inda ruwa ya ke da ɗumi, watau Tekun Atalantika, da na Indiya, da na Pasifik. Babbansa ya kan kai mita 2 a tsawo, mita ɗaya kuwa kamar kamu biyu ce. Nauyinsa ya kan wuce kilo 150. Bayansa shuɗi ne mai duhu, cikinsa fari kamar azurfa, fikafikansa kuwa rawaya ne.

Ba ya tsayawa, dare da rana. Dalili kuwa, sai yana gudu da baki buɗe ruwa ya ke shiga, ya fita ta gefen kansa. Da haka ya ke numfashi. In ya tsaya, numfashinsa ya yanke.

Watakila ka ce, "Ƙaƙa aka san hanyar kifi cikin teku?" Ga yadda a ke yi. Masana su kan kama shi da rai, su maƙala masa lamba, ko wata ƙaramar na'ura mai auna zurfi da sanyin ruwa, sa'an nan su sake shi. Ran da masunta suka kama shi, sai su mayar da ita a duba. Ta haka aka ga waɗansu da aka sa wa lamba a gaɓar Amurka sun ƙetare teku, an kama su kusa da Afirka ta Yamma. Gama ruwan da ke kudu da Ghana da Nijeriya yana cikin manyan wuraren da su ke zuba ƙwai.

Sai batun nutso. Kowa ya taɓa nutso a gurbi mai zurfi ya san ruwan sama ɗumi gare shi, na ƙasa kuwa sanyi. Haka teku ya ke. Kifin nan ya fi zama a sama, cikin mita 100 na fari. In ya gangara neman abinci, ba ya daɗewa, domin sanyi ya kan rage bugun zuciyarsa. Amma wani lokaci ya kan yi abin mamaki. A cikin 1 ga waɗanda aka sa wa na'ura kusa da tsibiran Seshel, an ba da labari a shekarar 2006 cewa ya nutse fiye da mita 1,000, ya kuwa komo sama lafiya.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa wadda ta zame masa lahani. In ƙananansa suka ga gungume yana yawo bisa ruwa, sai su taru a ƙarƙashinsa garke guda. Da masunta suka gane haka, sai suka riƙa harhaɗa itatuwa suna sakewa cikin teku. In kifi ya taru, jirgi ya zo ya kewaye shi da babbar koma, ya kwashe duka, a kai tashoshi irin su Tema ta Ghana a zuba a gwangwani.

To, ga inda matsalar ta ke. Kifin nan ba ya fara haihuwa sai ya shekara 2 ko 3. In aka kwashe ƙanana tun ba su haihu ba, ina za a sami na baɗi? Manomin da ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina? Saboda haka ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Riyo na Barazil a 1966, domin a kiyaye tunan Atalantika. Daga baya suka ware waɗansu watanni, suka hana kamu a gindin itatuwan nan. Kakanninmu ma sun san wannan dabara, gama sarkin ruwa ya kan hana su a gurbi har lokaci ya yi.

Ka lura, sanin halin dabba iko ne a hannun mutum. Yana iya ƙarar da ita da shi, yana kuwa iya tsare ta domin 'ya'yansa.

Tambayoyi

1. Don me kifin nan ba ya tsayawa?
2. Me ya ke hana shi daɗewa a zurfi?
3. Ina lahanin kama ƙanana?