Darasi Na Tara: Miƙa Da Amfaninta Ga Jiki

Ku lura da kyanwa idan ta farka daga barci. Ba ta zabura ta kama tafiya. Sai ta fara miƙe ƙafafunta na gaba, ta lanƙwasa bayanta, sa'an nan ta yi gaba. Wannan shi Hausawa suke kira miƙa. Kada ku rikita kalmar da wadda take cikin "miƙa masa littafi", wato ba shi. A nan cewa ake yi "ya yi miƙa", sau da yawa ma tare da hamma.

Jikin ɗan Adam yana da tsokoki fiye da 600, kuma su ne suke motsa gaɓoɓi. Tsokar da ta daɗe a wuri ɗaya takan sage. Ku ɗauki misali da kanku: kuna zaune a kan benci tun safe har azahar, gwiwa a lanƙwashe, kai a sunkuye. A irin wannan zama tsokar bayan cinya takan ɗaure, ta ja ƙugu, har ciwon baya ya biyo. Wuya kuma ya ƙage. Na sha ganin ɗalibi lokacin jarrabawa yana dafe da ƙeya, yana zaton zazzaɓi ne, alhali kuwa zama ne ya yi masa yawa.

Miƙa a kai a kai tana sassauta tsoka, tana ƙara gudun jini a cikinta, tana kuma sa gaɓa ta juya yadda ya kamata. Mai yinta yakan sunkuya ya ɗaura igiyar takalmi ba tare da nishi ba.

Amma tana da ƙa'ida. Kada ku ja tsoka tana sanyi. Ku fara da tafiya ta minti 5 zuwa 10 domin jiki ya ɗumama. Sai ku miƙe gaɓar sannu a hankali har ku ji ta ɗan ja, ku tsaya haka daƙiƙa 15 zuwa 30 kuna numfashi, sa'an nan ku koma ɗaya ɓangaren. Ban da fizga. Idan kun ji zafi ku dakata, domin zafi alama ce kun wuce iyaka, kuma tsoka tana iya yagewa. Wanda ya yi targaɗe ko karaya, sai da izinin likita.

Sau 2 ko 3 a mako shi ne mafi ƙaranci, kullum kuwa ya fi. Sai dai miƙa ba ta maye gurbin gudu da wasan ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba 'yan shekara 5 zuwa 17 shawarar su motsa jiki na minti 60 a kowace rana.

Aiki: Ku tashi tsaye, ku ɗaga hannuwa sama, ku ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da Hausa. Bayan haka ku rubuta jimloli uku da "yi miƙa".