Bashi a Lokacin Annoba: Ɗaga Ƙafa ko Yafewa?

Darasi domin ƙungiyoyin nazari, zumuntar mata da ta matasa. A karanta Nehemiya 5:1-13 kafin a fara.

'Yan'uwa, kowane manomi a cikinmu ya san halin watan Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. A daidai wannan lokaci ne yaro yakan kwanta da zazzaɓi, sai maigida ya nufi gidan mai hali ya karɓo buhu ɗaya a kan zai mayar da biyu da kaka. Idan kaka ta yi kyau, to madalla. Idan ciwo ya sake shigowa gidan kafin a biya fa? Dole a zaɓa, ko kuɗin magani ko kuɗin mai bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ƙasashe ma suna da nasu hanjin, kuma irin wannan zaɓi ya sha faɗo musu. A wannan darasi za mu duba abin da ya faru da ƙasashe matalauta lokacin annobar korona, domin abin ya taɓa asibitin da muke kai 'ya'yanmu.

Wa yake bin ƙasa bashi?

Gwamnati takan ci bashin waje daga wurare uku. Akwai gwamnatocin wasu ƙasashe, kamar Sin da Faransa da Japan. Akwai manyan cibiyoyi irin su Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ake kira IMF. Sai kuma bankuna da 'yan kasuwa masu sayen takardun lamuni na gwamnati domin su ci riba, su ne kuma suka fi kowa tsadar ruwa. Yawancin bashin nan da dala ake biyansa. Saboda haka idan darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, bashin yakan ƙara nauyi ko da ba a ƙara cin ko sisi ba.

Annoba kuwa takan bugi gwamnati ta gaba da baya. A shekarar 2020 an rufe kasuwanni da kan iyakoki, farashin man fetur ya faɗi warwas, haraji ya ragu. A lokaci guda kuma ana bukatar kuɗin gwaji, da iskar numfashi, da albashin ma'aikatan lafiya. Ranar biyan bashi dai tana nan inda take. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da abin da suke biya na ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa a kan lafiya ko ilimi.

Abin da aka yi a 2020

A watan Afrilu na 2020 ƙasashe masu ƙarfin arziki na ƙungiyar G20 suka yarda su ɗaga wa ƙasashe matalauta ƙafa. Ƙasashe 73 ne suka cancanta, 48 suka shiga, har da Nijar da Chadi da Kamaru. Daga Mayu 2020 zuwa Disamba 2021 an jinkirta biyan kimanin dala biliyan 12.9.

A nan muna so mu tsaya, domin mun ji mutane da yawa suna cewa an yafe wa Afirka bashi a lokacin korona. Ba haka ba ne. Idan mai bashi ya ce maka, bar shi sai baɗi, bai yafe maka ba. Buhu biyun nan suna jiranka, ga kuma na baɗin da zai haɗu da su. Haka shirin G20 yake. An ba ƙasashen hutun shekara ɗaya, daga nan su biya cikin 'yan shekaru, kuma an tsara shi yadda mai bin bashi ba zai yi asarar komai ba. Ya taimaka, ba mu musa ba. Wanda yake nutsewa ba ya raina ko da kara. Amma ɗaga ƙafa ne kawai.

Yafewa ta gaske ta zo daga wani ƙaramin asusu na IMF. An kafa shi a 2015 saboda cutar Ebola, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, aka kuma sauke wa ƙasashen uku bashin dala miliyan 100. Da korona ta zo sai aka sake buɗe shi. Ƙasashe masu ba da gudummawa suka zuba kuɗi, aka biya wa ƙasashe 31 abin da IMF take binsu na tsawon shekara biyu. Nijar tana cikin na farko da suka amfana. Jimillar kuɗin bai kai dala biliyan ɗaya ba. A kwatanta da biliyan 12.9 da aka jinkirta, za a ga wanne ya fi sauƙi ga masu bin bashi.

Akwai kuma babban giɓi. Gwamnatoci ne kaɗai suka ɗaga ƙafa. Bankin Duniya ya ci gaba da karɓar nasa, ya ce gara ya ba da sabon kuɗi. 'Yan kasuwa kuwa roƙonsu aka yi, ba a tilasta musu ba, kuma ɗaya tak a cikinsu ya amsa. Ke nan kamar mutum ne da mutane uku suke bi bashi, ɗaya ya ce ya huta, sai ya ɗauki kuɗin da ya rage masa ya miƙa wa sauran biyun.

Nijeriya ta cancanta amma ba ta shiga ba, haka ma Gana. Me zai sa mabukaci ya ƙi taimako? Dalili ɗaya shi ne abin da gwamnatoci suke bin Nijeriya kaɗan ne a cikin bashinta. Na biyu kuwa tsoro ne. Akwai kamfanoni masu auna ƙarfin ƙasa wajen biyan bashi, kuma da Kamaru da wasu ƙasashe suka nemi a ɗaga musu ƙafa, sai ɗaya daga cikin kamfanonin ya sanar cewa zai sake duba matsayinsu. Mun san irin wannan a ƙauye. Wanda aka ji ya roƙi a yi masa haƙuri, gobe ba mai ba shi rance sai da ruwa mai yawa. Nijeriya ta gwammace ta karɓi rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga IMF a Afrilu 2020, ta gama biyan uwar kuɗin a 2025. Gana kuwa ta daina biyan yawancin bashinta na waje a Disamba 2022.

Labarin Zambiya

Zambiya ta ɗanɗana duka biyun, shi ya sa labarinta yake da amfani. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da cutar ƙanjamau take cinye iyaye a ƙasashen kudancin Afirka, ikilisiyoyi da sauran jama'a suka kafa gangamin da aka sani da Jubilee 2000. Sunan ya fito ne daga shekarar murna ta Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin da ake sakin bayi, kowa kuma ya koma gonar gadonsa. A 1998 kimanin mutum 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Bamingam na Ingila, inda shugabannin manyan ƙasashe suke taro. Mutum wajen miliyan 24 suka sa hannu a takardar koke. Ba a samu biyan bukata nan take ba, amma a 2005 aka yarda a yafe wa ƙasashe da dama abin da manyan cibiyoyi suke binsu. Bashin Zambiya ya sauko daga kimanin dala biliyan 7 zuwa ƙasa da biliyan ɗaya. A watan Afrilu 2006 gwamnatinta ta soke kuɗin ganin likita a asibitocin karkara. Mace mai naƙuda da a da take lissafin kuɗi kafin ta fita, yanzu sai dai ta nemi abin hawa.

Nijeriya ma ta ga irin wannan. A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu bin bashi ta Paris ta yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya kimanin biliyan 12. Daga kuɗin da aka samu sarari ne aka ɗauki nauyin shirin tura unguwarzoma masu horo zuwa asibitocin ƙauyuka, wanda aka fara a 2009.

Sai dai labarin bai ƙare da daɗi ba. Cikin shekara goma sha biyar Zambiya ta sake tara bashin waje na wajen dala biliyan 12, wannan karo da yawa daga Sin da 'yan kasuwa. A Nuwamba 2020, ana tsakiyar korona, ta kasa biyan ruwan dala miliyan 42.5, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta gaza a lokacin annobar. Ta nemi a sake tsara mata biya a farkon 2021. Masu bin ta bashi suka yi ta ja-in-ja a kan wanda zai fi yin asara, ba a daidaita da gwamnatoci ba sai Yuni 2023, da 'yan kasuwa kuwa sai 2024. Kafin a gama, kwalara ta ɓarke, ta kashe ɗaruruwan mutane, aka mai da babban filin wasa na Lusaka wurin jinya, aka ɗage buɗe makarantu.

Laifin wa? A ganinmu hannu biyu ne. Mai ba da rance da ya san mutum ba zai iya biya ba amma ya ba shi saboda ruwa, yana da nasa. Shugabannin da suka ci bashi ba tare da sun gaya wa jama'a nawa ne ba, ko me aka yi da shi, su ma suna da nasu. A Afrilu 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta domin lafiya. Ƙalilan ne suka taɓa cikawa, Nijeriya kuma ba ta cikinsu. Wannan ba mai bin bashi ne ya hana ba duka.

Mu koma ga Nehemiya

A nassin da muka karanta, ana cikin yunwa ne, ana kuma ginin garu. Mutane sun jinginar da gonaki da gidaje domin su sami hatsi, wasu sun ci bashi domin su biya harajin sarki, wasu har 'ya'yansu sun shiga bauta. Masu bin bashin kuwa 'yan'uwansu ne. A lura da abin da Nehemiya ya yi. Ya kira taron jama'a, maganar ta fito fili. Ya faɗa da bakinsa cewa shi ma da mutanensa sun ba da rance. Ya bukaci a mayar da gonakin a ranar, tare da ruwan da aka karɓa, sa'an nan ya kira firistoci aka ɗauki rantsuwa, domin ya san alkawarin baki a gaban taro yana da saurin shuɗewa.

A tattauna: a cikin matakan nan na Nehemiya, wanne aka bi a 2020, wanne aka tsallake? Idan ɗaya daga cikin masu bin bashin Urushalima ya ƙi zuwa taron, me zai faru da sauran da suka yarda?

Sa'an nan mu juyo gida. A wata ƙungiyar adashe da muka ziyarta, wata 'yar'uwa ta kasa zubi wata biyu saboda jinyar ɗanta, aka ci ta tara, ta sayar da akuyarta ta biya. Da muka tambaya, sai aka ce doka ce, kuma ba wanda ya taɓa tunanin a rubuta abin da za a yi idan ciwo ya zo. Kafin taronmu na gaba, kowace ƙungiyar adashe ko bankin hatsi ta ɗauko dokokinta ta duba: me suka ce game da ɗan ƙungiya da ya kwanta ciwo, ko aka yi masa rasuwa? Wata nawa za a ɗaga masa ƙafa, ruwa zai ci gaba da hawa ko zai tsaya, wa kuma zai yanke cewa wannan ya kai a yafe? Mutum biyu kuma su je wurin kwamitin asibitin unguwa su tambayi nawa aka turo a bana, da abin da aka saya da shi, su kawo mana amsar a rubuce.