DARASIN GAHAWA: Kafin Ka Sha, Kafin Ka Kai Wa Wani Tsaraba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Tun da masu Umara suka fara dawowa tambayoyi ke shigowa a kan gahawa. Zan riƙa cewa gahawa a darasin nan, don in na ce kofi wani zai zaci mazubin nake nufi.

Kwanakin baya an kawo mini wani dattijo daga wani ƙauye nan kusa da Zakirai. Wata biyu ba ya barci sai gab da asuba, ƙirjinsa na dukan tara-tara, hannu na rawa. Iyalinsa sun riga sun yanke cewa sammu ne, har an sayar da tunkiya an yi hayaƙi. Na ce, "Baba, me kake ci, me kake sha daga safe zuwa dare?" Ashe ɗansa ne ya kawo masa gahawa daga Madina. Saboda ta fito daga garin Manzo (SAW) sai ya ɗauke ta tabarruki: buta guda da safe, wata bayan isha'i, ga goro ba ya rabuwa da bakinsa. Na tura shi asibiti aka auna, jininsa ya hau sosai, aka ɗora shi kan magani. Ya bar ta dare, ya rage goro. Cikin mako biyu barci ya dawo.

Mu fara cire wani ruɗani. Babu gahawa a cikin magungunan da Annabi (SAW) ya ambata. Zuma tana ciki, habbatus sauda tana ciki, ƙaho yana ciki, gahawa kuwa ba a san shan ta ba sai bayan wafatinsa da ɗaruruwan shekaru. In ka ga saƙo a waya wai hadisi ne kan falalarta, kada ka tura wa kowa, jingina wa Manzo abin da bai faɗa ba babban zunubi ne. Asalin itaciyar daga Habasha take. Sufayen Yaman ne suka shahara da shan ta a ƙarni na 15, don ta taimake su raya dare da zikiri, daga can ta isa Makka da Alƙahira. A shekarar 1511 wani shugaba a Makka mai suna Khair Beg ya tara malamai da likitoci aka haramta ta, amma haramcin bai ɗore ba. Har kalmar ƙahwa ta jawo mata zargi, domin a tsohon Larabci tana cikin sunayen giya. A cikin wannan ƙarni malam Abdulƙadir al-Jaziri ya rubuta littafinsa Umdatus Safwa yana kafa hujjar halaccinta, kuma a kan haka malamai suka tsaya: ba ta gusar da hankali, saboda haka halal ce. Sai dai halal ɗin da likita ya tabbatar yana cutar da kai, kai ɗin nan barin sa ya zama wajibi a kanka.

To me take yi a jiki? Akwai sinadarin kafeyin a cikinta, shi ne dai wanda ke cikin goro da ganyen shayi da lemon kwalba masu baƙin ruwa da lemon ƙara kuzari na gwangwani. Tun da ka farka wani abu ke taruwa a ƙwaƙwalwarka yana gaya maka ka gaji. Kafeyin toshe kunnen ƙwaƙwalwa yake yi kada ta ji wannan saƙo, gajiyar kuwa tana nan tana jira. Don haka nake ce wa ɗalibaina ƙarfin gahawa bashi ne, daren gobe za a biya. Kuma ba ya saurin fita: bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini. Wanda ya sha bayan magariba, ƙarfe goma sha biyun dare da sauran aiki. Ni dai shawarata, daga la'asar a rufe butar.

Hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, wato kamar kofi 4 matsakaita. Amma ka yi lissafi da gaskiya. In ka sha shayi wajen mai shayi da safe aka zuba maka Nescafé, ka ci goro biyu a gona, ka sha lemon kwalba da rana, duk asusu ɗaya ne. Mai juna biyu kuwa iyakarta 200, kuma kafeyin ya fi daɗewa a jikinta. Malam maigida, kai ne mai sayowa, kai za ka lura da wannan.

Akwai wata illa da ta fi damuna a karkararmu, ba a kuma cika maganarta ba. Gahawa da shayi, in aka sha su tare da abinci, suna hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, musamman wanda ke cikin wake da zogale da alayyafo. Matanmu da yawa dama ƙarancin jini gare su, ga haihuwa, ga zazzaɓin cizon sauro. An ba ta ƙwayar ƙarin jini a awo, sai ta kora da shayi mai kauri. An yi ba a yi ba ke nan. A bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakani.

Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai bugun zuciya, mai gyambon ciki ko ƙwarnafi, mai fargaba da rashin barci, waɗannan su tambayi likitansu tukuna. Yara ƙanana kuma a bar su da kunu.

Tana da alheri, ba zan ɓoye ba. Tana wartsakar da mai karatu da direba. Bincike da yawa ya ga masu shan ta daidai wa daida ba su cika kamuwa da ciwon suga da wasu cututtukan hanta ba kamar waɗanda ba sa sha. Amma ka fahimce ni, wannan ba ya nufin tana warkar da mai ciwon, kada wani ya ajiye maganinsa ya ce malam ya ce. Kuma gahawar da aka yi maganarta ba ita ce 'yar ledar nan mai haɗin madara da suga ba, wadda sugan ya fi gahawar yawa. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi, sai ta ja kunne kan duk abin sha mai zafin da ya haura maki 65, saboda maƙogwaro. Mu da muke alfaharin kurɓar shayi yana tafasa, sai mu ɗan yi haƙuri ya huce.

Dahuwarta ba wuya. Ga irin ta Larabawa wadda alhazai ke kawowa, mai launin ƙasa-ƙasa: cokali babba ɗaya na gari ga kowane kofin ruwa. Ruwa ya tafasa, ka zuba, ka rage wuta ta yi kamar minti 10 tana ɓararraka a hankali. Sai ka jefa hel da ka ɗan daka, in babu, citta da ƙwayar kanumfari biyu sun wadatar. Sauke, bar ta ta kwanta, ka tace. Tacewar nan tana da dalili: gahawar da aka dafa ba a tace ba tana ɗauke da wani mai da ke ƙara kitsen jini, matata ta takarda ce ta fi kama shi. A sha a finjali da dabino, ba a moɗa ba. Garin kuma a kwalba mai murfi, musamman da damina, in ya yi danshi ya canza wari a zubar.

Masu shan ta kullum, ku fara ragewa tun Sha'aban. Ciwon kan da ke kama ku ranar farko ta azumi na rashin kafeyin ne, yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan an daina, kuma yana wucewa cikin kwanaki.

Sai maganar kyauta. Sunna ta kwaɗaitar da mu yi wa juna kyauta don soyayya ta ƙaru, kuma gahawa tsaraba ce mai kyau ga malami ko aboki mai lafiya. Ba dole sai ta Saudiyya ba, ana noma ta a tsaunin Mambila a jihar Taraba. Amma kafin ka miƙa, ka san jikin wanda za ka ba. Surukinka mai shekara saba'in da ke shan maganin hawan jini, kai masa dabino da zuma da zamzam. In kuma ka ba shi gahawar, to ka zauna ka nuna masa gwargwado da lokaci, don dattijo ba zai bar tsarabar ɗansa ta lalace ba, shanyewa zai yi.

Wadda ba na yarda a saya ko a bayar ko kaɗan ita ce gahawar ledar nan da ake tallatawa wai ta ƙarfin maza ko ta rage tumbi, har ana sa wa ango a kayan gudummawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano maganin asibiti na ƙarfin maza a ɓoye cikin irin waɗannan, ba a rubuta a jiki ba. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa nan take. In an ba ka, ka yi godiya, kada ka sha, kada kuma ka ba wani.

Mai tambaya ya turo bayan sallar isha'i, ya faɗi shekarunsa da magungunan da yake sha. Darasi mai zuwa in sha Allahu a kan goro ne. Wassalamu alaikum.