Yadda Mutanen Sin Suka Haɗa Allura da Saiwa Wajen Jiyyar Dabbobi

Tun zamanin da, manoman ƙasar Sin da saiwoyi da ganyaye suke jiyyar dabbobinsu. A cikin 1608 waɗansu 'yan'uwa biyu, Yu Benyuan da Yu Benheng, suka fitar da littafi a kan cututtukan dawaki da magungunansu, har yanzu kuwa ana karanta shi. Da likitancin Turawa ya shiga ƙasar, sai gardama ta tashi, wasu suka ce a watsar da tsohon ilmi. Gwamnati ba ta yarda ba. A 1956 ta ba da umurni a jawo masu maganin dabbobi na ƙauye cikin aikin hukuma, a 1958 kuma aka buɗe ma'aikatar binciken maganinsu a birnin Lanzhou. Abin da aka gano shi ne, kowane magani da inda yake ci.

Na farko, cuta mai yaɗuwa sai allurar rigakafi. Bushiya ta daɗe tana karkashe shanun Sin kamar yadda ta yi wa na Fulani, ba kuwa saiwar da ta tsai da ita. Sai da aka bi garke garke da allura, sa'an nan aka rabu da ita a 1956.

Na biyu, ciwon ciki. Idan kashi ya bushe a hanjin doki, ya kama birgima yana duban cikinsa, likita yakan fara gwada zafin jikinsa, ya saurari motsin hanjin, ya sa hannu ya laluba inda ya toshe. In ya tabbata toshewa ce kawai, sai a dafa saiwar da suke kira dahuwang tare da wani gishiri mai wanke ciki, a zura roba ta hanci a ɗura masa, a kuma yi masa ƙarin ruwa ta jijiya don kada jiki ya bushe. Amma in hanji ne ya murɗe, ɗurar nan ba abin da za ta ƙara sai wahala, lalle sai an yi masa aiki.

Na uku, awo. Akwai wata saiwa, canshan, wadda Sinawa suka daɗe suna sha don zazzaɓin cizon sauro, amma tana sa amai ƙwarai. Masana suka tace abin da ke aiki a cikinta, suka ƙera kwatankwacinsa, shi ne halofuginone, wanda ake zubawa ɗan kaɗan a abincin kaji don tsare su daga zawon jini. Watau dai saiwa ma in ta wuce kima guba ce.

Daga 2020 gwamnatin Sin ta hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don su yi saurin girma, gama yawan ba da su yana sa ƙwayoyin su saba, maganin ya daina ci ko ga mutum. Magungunan itatuwa ne kaɗai aka bari.

To, abin da mai dabba zai riƙe ke nan. Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, saboda haka kada a ɗura mata kome sai an san cutar. In an riga an ba ta jiƙo, a gaya wa malamin dabbobi ko mene ne, da yawansa, da lokacin da aka ba ta, domin wani magani ba ya shiri da wani. In biyu ko uku suka kwanta tare, a ware su, a kai labari ofishin dabbobi ran nan. Mai sa ɗaya na huɗa, in ya rasa shi da damina, ya rasa abincin shekara. Rigakafi dai ya fi magani.