Filin Kimiyya da Fasaha: Laifin Mai Danna Waya ne ko na Wanda Ya Tsara Manhaja?

Darasinmu na wannan mako kan fuskar manhaja ne, wato duk abin da ido ke gani kuma yatsa ke taɓawa a waya, ko kwamfuta, ko na'urar POS: rubutu, maɓallai, launuka da jerin zaɓi. Sau da yawa idan dattijo ya kasa tura kuɗi sai ka ji ya ce, "Ni fa ban iya abin nan ba." To amma shin kullum laifinsa ne?

Ku dubi buta. Ba wanda ya taɓa neman takardar bayani kafin ya yi alwala da ita, domin mariƙinta ya nuna inda za a riƙe, bakinta ya nuna inda ruwa zai fito. Wani masani ɗan Amurka, Don Norman, ya wallafa littafi a 1988 kan kayan amfanin yau da kullum, inda ya nuna cewa idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a kan abu ɗaya, to tsarin abin ne ke da matsala. A 1994 kuma wani masanin, Jakob Nielsen, ya fitar da ƙa'idoji 10 na auna sauƙin amfani da manhaja. Ga huɗu daga cikinsu da misalai na gida, sai kuma ta biyar wadda yanayin garinmu ya koya mana.

1. Ta faɗa maka halin da ake ciki

A kasuwar kara ta Birnin Gwari, wadda aka sake buɗewa a ƙarshen 2024, mutum kan sayi sa ya tura kuɗin ta waya. Sabis ya yi rauni, alama tana ta juyawa, babu bayani. Mai saye ya ɗauka kuɗin bai tafi ba, sai ya sake turawa, a cire masa sau biyu. Kyakkyawar manhaja za ta rubuta ƙarara cewa ana kan aikawa, kada a sake dannawa. Wannan ɗan rubutu na iya hana rigima tsakanin mutum biyu da suka shekara suna ciniki.

2. Ta tare kuskure kafin ya faru

Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, kuma kuskuren guda ɗaya ya isa ya ɓata komai. Shi ya sa kafin ka sa lambar sirri ake nuna maka sunan mai asusun da adadin kuɗin. Rigakafi ya fi magani. Mai tsara manhaja ya yi nasa, saura naka: karanta sunan a hankali, ka ƙirga sifili, domin tsakanin 5,000 da 50,000 sifili ɗaya ne kawai.

3. Abu ɗaya, hanya ɗaya

A da kowane kamfanin waya da lambarsa ta duba kuɗi. Mai MTN ya danna *556#, mai Airtel ya danna *123#, mai layi biyu ya yi ta rikicewa. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe su: *310# don duba kuɗi, *311# don sa kati, *312# don sayen data, ko wane layi kake riƙe da shi. Ba a ƙirƙiri sabuwar na'ura ba, an dai rage wa ƙwaƙwalwa kaya.

4. Ta bar maka ƙofar komawa baya

Wannan ta fi shafar 'yan aji shida. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta koma kanta gaba ɗaya. Ɗaliban karkara da yawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, hannu na rawa, lokaci na tafiya. A 2017 hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C da D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don wadda ta wuce, S don miƙa aiki, R don komawa idan ka danna S ba da niyya ba. Ku lura da hikimar R ɗin nan. Ba don ita ba, yatsa ɗaya da ya zame zai iya jawo wa ɗalibi jiran shekara guda. Duk da haka, ranar jarrabawa ku karanta umarnin da ke kan allo tukuna, kada ku dogara da hadda kaɗai.

5. Ta san mutanen da aka yi ta dominsu

Manhajar da aka gwada a ofis mai intanet mai ƙarfi a Legas ba lallai ta yi aiki a Kuyello, ko Randagi, ko Dogon Dawa ba. Ba mu manta da ƙarshen Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a yankinmu na kusan wata biyu saboda matsalar tsaro a dajin nan. Ko yanzu akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Shi ya sa lambobin tauraro na banki ke da daraja a wurinmu: suna aiki a ƙaramar waya mai madannai, ba sa buƙatar data. Haka saƙon murya na WhatsApp ya buɗe wa iyayenmu da ba su yi boko ba hanyar aika saƙo da bakinsu. Amma akwai gyara. Jerin zaɓin bankuna galibi da Turanci yake, kuma yakan katse kafin mai karatu a hankali ya gama. Wannan ne ke sa wasu miƙa wa baƙo waya har da lambar sirri, daga nan kuma sai labarin an kwashe asusu. Hatta allon rubutu, idan babu ƙ, ɗ da ɓ, to ƙasa da kasa sun zama ɗaya, ɓera da bera ma haka.

Aikin gida

Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin manhaja. Ku gwada. Ku nemi mutum biyar a gida, har da kaka idan ta yarda, ku roƙi kowa ya ajiye sabuwar lamba a waya. Kada ku taimaka, kada ku yi dariya, kada ku nemi lambar sirrin kowa. Ku rubuta inda kowa ya tsaya da abin da ya ce. Sannan ku zana a takarda yadda ku za ku tsara fuskar don ta fi sauƙi, da Hausa.

Ku kawo zanenku ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Uku da suka fi kyau za mu manna su a nan mako mai zuwa, in sha Allahu.